Ranar da Na Shafe Launukan Masaƙa

Tun da 'yata ta buɗe wannan shagon koyar da kwamfuta a nan unguwar Romi ta Kaduna, kusan kullum nakan zo in zauna a kujerar nan ta bakin taga, kuma duk abin da kuke faɗa yana shiga kunnena. Jiya na ji ɗayanku yana cewa wai Mama kafin ta danna maɓalli ɗaya sai ta karanta allo sau biyu tana motsa baki, kamar wadda aka kawo wa sammaci. Wata kuma ta ce ai kwamfutar zamaninmu wasan yara ce, tunda ba hoto, ba linzami, rubutu ne kawai. To ku ɗan ajiye wayoyin nan ku juyo da kujerunku, in ba ku labarin rubutun. Ni ce Saratu, kuma shekara goma sha bakwai na yi ina ba babbar na'ura umarni a wata masaƙar atamfa da ke Kakuri.

Ba a kan na'urar na fara ba. Na baro ƙauyenmu a kudancin Kaduna da takardar makarantar koyon tafireta, aka ɗauke ni aiki a ɗakin huda kati. Mu takwas ne, duk mata. Katin ya ɗan fi tafin hannu tsawo, kuma kowane harafi ka buga sai injin ya huda masa rami a gurbinsa. Kati ɗaya, layi ɗaya. In ka yi kuskure babu gogewa, sai dai ka jefar ka ɗauki sabo. In an gama a jera su cikin tire a kai wa na'ura ta karanta. Idan kuwa tiren ya suɓuce katunan suka watse a ƙasa, to ranar ka yi sallama da abincin rana, don sai ka mayar da kowanne wurinsa.

Na'urar kanta tana wani ɗaki na bayan gilashi, wanda ya ninka shagon nan uku. Sai an cire takalmi ake shiga, kuma sanyin cikinsa ya isa ya sa mutum mura da tsakar bazara. A jikin bango akwai injinan tef a tsaye kamar durowar kaya, kowanne da lambarsa a goshi: 181, 182, 183. Faifan tef ɗin ya kai faɗin farantin abinci, shi ne ma'ajiyarmu. A tsakiyar ɗakin kuma ga wata tafireta mai doguwar takarda da ba ta yankewa, konsol muke ce mata. Ta nan ake magana da na'ura. Duk abin da ka buga, da duk amsar da ta ba ka, suna nan a kan takardar har da lokacin da aka yi. Shi ya sa a ɗakin nan ba a musu. In wani ya ce ba shi ba ne, sai a warware takarda.

Shugaban ɗakin shi ne Oga Pam, mutumin Filato, gajere, mai suwaita ruwan toka. Ban taɓa jin ya ɗaga murya ba. In ka kawo masa umarnin da ka rubuta, ko daidai ne ko ba daidai ba, abu ɗaya yake cewa: “Read am again,” wato sake karantawa. Ofareta biyu ne a ƙarƙashinsa, masu ba na'ura umarni. Da ɗayan ya tafi neman aiki a matatar mai da ake ginawa wajen Rido, sai ya rage Iliyasu kaɗai, wani ɗan Unguwar Mu'azu mai saurin hannu da saurin baki. Oga Pam ya shigo ɗakinmu ya duba kwandon shara na kowace, ya ga nawa ne ya fi ƙarancin lalatattun katuna, ya ce in biyo shi. Manajan masaƙa bai so ba. Ya ce mace wurinta kati, konsol na maza ne, amma tunda Oga ya nace, a gwada ni wata shida a gani.

Sati biyu na yi ban taɓa konsol ba. Oga ya ba ni fensir da littafin rubutu, ya sa ina rubuta umarni yana makawa. Ga yadda ya koya mini. Kalmar farko ita ce aikin da kake so a yi, ya ce ita ce direba. Bayanta tazara ɗaya. Sai abubuwan da aikin zai hau kansu, ya ce su ne fasinjoji, kuma kowane fasinja da kujerarsa. Waƙafi ne ke raba su. Na'ura ba ta san fuskar kowa ba, kujera kawai ta sani. Duk wanda ta tarar a kujerar farko, a wurinta shi ne mai kujerar farko, ko da kuwa akuya ce ta zauna.

Bari in ba ku misali da umarnin buga takarda. Ana rubuta PRINT, sai sunan fayil, sai shafukan da ake so, sai adadin kwafi. To in duk shafukan kake so, amma kwafi biyu, ba za ka tsallake kujerar shafi ka yi gaba ba. Dole ka bar ta a wofi da waƙafinta, ka rubuta PRINT RINI,,2. Waƙafi biyu a jere, wanda da malamarmu ta tafireta ta gani da ta kwaɗe mini yatsu da rula. In ka sa waƙafi ɗaya, na'ura za ta ɗauka shafi na biyu kake nufi, ta miƙo maka shi tilo, ta yi shiru abinta.

Wannan ban sha wuyarsa ba. Wanda ya kayar da ni shi ne tazara. A makarantar tafireta shekara biyu aka yi ana dasa mini cewa bayan kowane waƙafi sai an bar fili, har babban yatsana ya koyi yi da kansa ba tare da ya shawarce ni ba. A wurin na'ura kuwa, da zarar ta ga tazara ta biyu, ta ɗauka umarni ya ƙare, duk abin da ya biyo baya surutunka ne da kake wa kanka. Rana ta uku da hawana konsol aka aiko a buga shafi shida na wani fayil. Na rubuta sunan fayil, na sa waƙafi, yatsan nan ya yi halinsa, sannan na sa lambobin shafi. Na'ura ta watsar da lambobin, ta kama buga fayil ɗin tun daga farko. Ni kuma na tafi ɗauko faifai a ɗaki na gaba. Kafin in dawo kwali guda na takarda ya ƙare. Iliyasu ya tsaya yana kallo ya harɗe hannu, ya ce shi bai tsayar ba ne don yana so ya ga iya inda zan kai. Wata guda masu tuyar ƙosai na bakin get suna naɗe wa mutane ƙosai a cikin aikina, kuma duk safiya sai ya sayo ya ajiye mini a tebur, ya ce in duba ko shafin da nake nema ne.

Yanzu ku in kun yi kuskure, kwamfuta ta ja muku jan layi, ta gyara muku, har ta tambaye ku ko abu kaza kuke nufi. Tamu ba ta da wannan tarbiyyar. In ba ta gane umarni ba, wannan sauƙi ne, za ta ce ba ta gane ba ka sake. Abin tsoro shi ne umarnin da ta gane sarai, alhali ba shi kake nufi ba.

Babban abin da ke cikin faifanmu shi ne haɗin rini. Kowane zanen atamfa yana da lamba, kowace lamba tana da launukanta, kowane launi da awon garin rinin da ake haɗawa ya fito. Mai haɗa su shi ne Malam Haladu, dattijo mai farin gemu da baƙaƙen farata, wanda ya gaji rini tun daga karofin gidansu kafin ya zo masaƙa. Kafin zuwan na'ura, a wani littafi nasa yake rubuta komai. Da aka kawo ta, Manaja ya kafa doka: kowane sabon haɗi a rubuta shi a ƙaramar takarda, a huda shi a kati, a zuba a faifai, sannan a ƙone takardar. Littafi kuma an hana, don kada wata masaƙar ta saye sirrin. Malam Haladu ya ce to. Tun daga ranar bai taɓa taka ɗakinmu ba. In ya wuce ta bakin gilashi sai ya kau da kai, ya ce wa na kusa da shi a gaida masu firij.

In an yi zancen shekarar wahala, 'yan masaƙa sukan ambaci lokacin da aka yi ta rufe kamfanoni ana sallamar mutane. Wannan ma na gan ta. Amma tawa ta riga ta kowa, kuma ta zo ne a shekarar da aiki ya fi kowace shekara yawa, shekarar da soja suka shirya miƙa mulki ga farar hula, alif ɗari tara da saba'in da tara. Kowa yana son anko. 'Yan siyasa suna so, ƙungiyoyin 'yan kasuwa suna so, matan zumunta na coci-coci suna so, kuma duk kafin ranar ɗaya ga Oktoba. Akwai wata Hajiya Talatu, babbar dillaliyar atamfa, da ta zo da ɗanyen ganyen mangwaro a ƙulle cikin mayafi, ta ce irin wannan koren take so wa matan ƙungiyarta, ba mai duhu ba, ba mai haske ba. Sau tara Malam Haladu yana haɗawa tana cewa da saura. A na goma ta gyaɗa kai. Irin waɗannan sababbin haɗin sun kai talatin da wani abu a cikin wata biyu.

Ƙa'ida ita ce duk sati a kwafi babban faifan rini a kan wani faifan, a kulle kwafin a akwatin ƙarfe. Amma kwafi yana tsayar da sauran ayyuka, faya-fayai kuma sun yi mana ƙaranci, sai Manaja ya riƙa cewa a bari sai sati mai zuwa. Haka aka yi ta ɗagawa har wata biyu. Wata ranar Alhamis a tsakiyar Satumba, Oga Pam zai je tashar jirgin ƙasa karɓo wani kayan gyara, ya ce mana ko sama za ta faɗo a yi kwafin nan yau kafin a buga komai.

Ana ruwa tun safe, an ɗauke wuta sau biyu, muna kan janareta. Wajen ƙarfe goma sha ɗaya Manaja ya shigo da kansa, da takalminsa ma, ya tsaya a bayana. Yana so a buga masa haɗin rinin sababbin zanukan kafin sha biyu, don injinan buga atamfa suna tsaye suna jira. Na ce masa sai an yi kwafi tukuna. Ya duba agogo ya ce to a yi da sauri.

Umarnin kwafi gajere ne. COPY, sai inda za a ɗauko, waƙafi, sai inda za a zuba. Kullum babban faifai a 181 yake, wanda za a zuba wa kuma a 182. Na buga COPY 181,182 ya fi sau ɗari. Amma ranar injin 181 yana wata ƙara tun safe, Iliyasu bai yarda ya ɗora masa babban faifai ba. Sai ya sauya, ya sa babban a 182, ya sa wani tsohon faifai mai jerin dilolin zare na bara a 181, wanda a kansa za mu zuba. Kuma ya gaya mini. Ba zan yi masa ƙarya ba ko bayan shekara arba'in: ya ɗaga murya ya ce ya sauya, na ce na ji. Kunnena ya ji, yatsuna ba su ji ba. Na buga COPY 181,182. Na'ura ta turo layi tana tambaya ko na tabbata a shafe abin da ke kan 182. Manaja yana huci a ƙeyata. Ban karanta ba, na buga Y, wato e.

Akwai abu ɗaya da zai iya cetona. Kowane faifai yana da wani zoben roba a bayansa, in an cire shi ba abin da zai iya rubutuwa a kai. Babban faifai ba ya kwana da zobe. Amma da safen an zuba masa sababbin katuna, Iliyasu ya manta bai cire ba.

Minti huɗu aka yi. Na ba da umarnin bugawa, waƙafi daidai, ba tazara ko ɗaya, abin sha'awa. Manaja ya yage takardar farko da ta fito ya kai ta kusa da ido. Maimakon kore da ja da shuɗi, sai ga dilar zare lamba kaza, dilar zare lamba kaza. Ya tambaya mene ne wannan. Iliyasu ya dubi injin 182, ya dubi zoben, ya zauna a ƙasa.

Muka ruga wajen katunan, tunda in suna nan sai a sake zubawa. Rufin sito ya yi yoyo tun watan jiya ba wanda ya lura, in ban da 'yan na safen ranar, katunan duk sun sha ruwa sun kumbura sun manne da juna. Ƙananan takardun an ƙone su bisa doka. Kwafin da ke akwatin ƙarfe na wata biyu da suka wuce ne, tsofaffin zanuka duk suna ciki, amma sababbin ko ɗaya babu. Saura kwana goma sha takwas bikin miƙa mulki.

Oga Pam ya dawo ƙarfe biyu da lema a hannu. Bai tambayi kowa komai ba sai da ya warware takardar konsol ya karanta, ya sake karantawa. Sannan ya tambaya wa ya buga Y, na ce ni. Ya tambaya wa ya bar zobe, Iliyasu ya ce shi. Ya tambaya wa ya hana a yi kwafi wata biyu. Manaja ya ɗaga kai yana duban rufi kamar yana neman inda yake yoyo. Da yamma sakatariyarsa ta raɗa mini cewa an sa ta buga takardar sallamata, ranar Litinin za a ba ni, kuma ya ce daman ya faɗa tun farko.

An kira Malam Haladu ofis aka tambaye shi ko zai iya tuna haɗin. Ya ce shi tsoho ne, abin da ya ci jiya ma ba ya tunawa, ai don haka aka sayo firij. Aka tambaye shi littafi fa. Ya ce wane littafi, ba an hana ba? Dokar kuwa ta Manaja ce da kansa.

Iliyasu ne ya ce mini layinsu ɗaya da Malam, kuma ya sha ganinsa a zaure bayan la'asar yana rubutu a wani abu, in ya ji tafiya sai ya tura ƙarƙashin buzu. Washegari Juma'a, bayan an sauko daga masallaci, ya ɗauke ni a babur muka tafi Unguwar Mu'azu, muna ratsa taɓo da yara da awaki. Ya tsaya a waje, ya ce shi ba zai iya haɗa ido da Malam ba. Na yi sallama na durƙusa a bakin zaure. Malam ya amsa, ya sa aka kawo mini fura, ya tambayi mutanen gida ɗaya bayan ɗaya kamar ya san su. Sai da na sha rabin kwanon ya ce ya ji labari wai firij ta yi mantuwa.

Na ce, “Baba, ba ta yi mantuwa ba. Ni na ce mata ta shafe, ta shafe. Har tambayata ta yi ko na tabbata, na ce e.”

Ya daɗe yana kallona. Ya ce shekara talatin yana aiki da mutane, in rini ya ɓaci sai a ce ruwa ne, ko gari ne, ko wuta ce, bai taɓa jin wanda ya ce hannuna ne ba. Ya ɗaga gefen buzu ya jawo wani littafi a naɗe cikin ƙyallen atamfa. Ya buɗe mini. Da ajami ne tun daga farko har ƙarshe, kuma launukan ba da lambar kamfani ya rubuta su ba, da sunayen da shi ya raɗa musu: jan bakin aku, shuɗin bayan ruwa, koren Hajiya Talatu. Ko an sace littafin ba wanda zai amfana da shi. Ya ce zai kawo, amma ba zai ba kowa a hannu ba, kuma sai wanda ya hana littafin ya roƙa da bakinsa, a cikin ɗakin sanyin nan.

Ranar Asabar da safe Malam Haladu ya shigo ɗakinmu karo na farko, ya ɗora riga biyu, ya naɗe wuya da rawani. Shi ya fara cire takalmi ba a gaya masa ba, sai Manaja ma ya sunkuya ya cire nasa. Roƙon bai yi tsawo ba, amma an yi shi, a gaban mu duka. Malam ya ce ya ji. Sannan ya ce kafin komai a nuna masa wannan kuskuren da ya tsayar da masaƙa guda, yana so ya ga girmansa. Oga Pam ya yanko guntun takardar konsol ya miƙa masa. Malam ya juya ta, ya ce wannan ɗan layin ne duka? Oga ya yi masa bayani cewa lambar farko ita ce inda za a ɗauko, ta biyu inda za a zuba, kuma da 182 ya kamata a fara, sannan 181. Malam bai iya boko ba amma ya san lambobi sarai. Ya ɗora baƙin farcensa a ƙarshen layin ta dama, ya jawo shi a hankali zuwa hagu yadda yake karanta littafinsa.

“To ai ga 182 nan a farko,” in ji shi. “Yarinyar nan daidai ta rubuta. Firij ɗinku ce ta faro karatu ta bai-bai.”

Oga Pam, wanda ban taɓa ganin haƙoransa ba, ya dafa injin tef yana dariya har da hawaye. Manaja ya yi ƙoƙarin daurewa, bai iya ba. Da aka natsa sai Malam ya ce shi zai karanta, wani ya huda kati, kuma wadda ta zo ƙofarsa ta faɗi laifinta ita zai karanta wa. In an kawo wata, idonsa ba ya gani sosai kwanan nan. Na ga hannun Manaja ya tafi aljihun gaban rigarsa, inda wata farar ambulan ta leƙo, ya ƙara tura ta ciki.

Kwana uku muka yi. An jawo injin huda kati kusa da ƙofa inda sanyi ya yi sauƙi, Malam a kan kujera da shayinsa, ni a gaban inji. Nan ma sai da jeri ya so ya ba mu wahala, don shi awo yake fara faɗa sannan launi, katin kuma lambar zane yake so a farko, sai launi, sai awo. Ga kuma sunayensa da sai Iliyasu ya ruga ɗakin rini ya dubo lambar gwangwanin da Malam yake kira jan bakin aku. Sai muka yi tsari: ya faɗa, in juya shi yadda kati yake so, in karanta masa da ƙarfi, ya ce haka ne, sannan in huda. Sau biyu ya kama ni, sau ɗaya na kama shi ya tsallake layi, ya ce gwada ni yake yi.

Atamfar ta fita saura kwana huɗu. Hajiya Talatu ta zo da sabon ganye ta kara a jikin yadin, ta ce a loda mata. Ni an ba ni takardar gargaɗi, an mayar da ni ɗakin kati wata uku kafin in dawo konsol. Iliyasu ma ya samu tasa takardar, kuma daga ranar ya koma rataya zoben babban faifai a wuyansa da zare kamar laya. Manaja ya sa aka sayo sababbin faya-fayai, bai sake cewa a ɗaga kwafi ba. Oga Pam kuma ya kafa dokar da muka bi har aka rufe ɗakin: duk umarnin da zai rubuta wani abu a kan faifai, sai mutum biyu. Ɗaya ya tsaya a gaban inji ya tambaya daga ina, mai konsol ya amsa, ya tambaya zuwa ina, ya amsa, sannan a danna. Baƙi in sun leƙo ta gilashi sukan ɗauka muna tasha ne muna lodin mota.

Bari in koma baya. A yammacin rana ta uku ta aikinmu da Malam, da aka zuba katin ƙarshe, aka yi kwafi har biyu, Iliyasu ya cire zobe ya ɗaga shi sama kowa ya gani. Malam Haladu ya bi takardar da na'ura ta buga layi-layi, ina karanta masa yana dubawa a littafinsa, har muka kai ƙarshe. Ya rufe littafin ya fara naɗe shi cikin ƙyallensa. Manaja ya matso da ladabi, ya ce yanzu ya gane amfanin littafin, ya janye dokar, kuma yana ganin ya fi kyau a ajiye shi nan cikin akwatin ƙarfe tare da faifan, inda wuta ba ta ci, ɓarawo ba ya shiga.

Malam ya tura littafin cikin aljihun rigarsa ta ciki, ya dubi injinan tef ɗaya bayan ɗaya, ya dube ni, sannan ya sa takalminsa a bakin ƙofa.

“Ranka ya daɗe,” ya ce, “a ɗakin da aikin wata biyu yake ɓacewa kafin shayi ya huce? Bari dai ya ci gaba da kwana a ƙarƙashin buzuna.”